Rubutun Hausa a Burauza: Maɓallan da Suka Ƙi Aiki da Haruffan da Suka Koma Akwati

Na daɗe a shagon buga takardu da gyaran kwamfuta, kuma in ka cire maganar caji da ta data, ba abin da ake kawo min kukansa kamar rubutu a intanet. Yau ɗalibi ne yana cike fom, gobe marubuciya ce tana ɗora babin labarinta, jibi malami ne mai son yaɗa karatunsa. Bakinsu ɗaya: "Jiya ya yi, yau ya ƙi." Waɗannan su ne tambayoyin da na gaji da maimaita amsarsu da baki. Ba sai an bi su a jere ba, kowa ya nufi inda yake masa ƙaiƙayi.

Mece ce burauza, kuma ina ruwanta da rubutuna?

Burauza ita ce manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Safari da Edge da Opera, ko Samsung Internet, ko Phoenix ɗin da ake yawan samu a wayoyin Tecno da Infinix da itel. Akwatin da kake rubutu a ciki, da jerin maɓallan da ke samansa na kaurara rubutu da karkata shi da sa hoto, ba a wayarka suke zaune ba. Shafin ne ke aiko da umarni, burauza ta karanta ta ɗinka su a gabanka, kamar telan da aka kai wa yadi da awo. In telan bai gane awon ba, ko shadda ce mai tsada rigar ba za ta zauna ba.

Kafin kalma ɗaya ta bar yatsanka ta isa idon mai karatu, sai ta bi ta hannu huɗu: madannan da ka buga ta da su, burauzar da ta karɓa, shafin da ya ajiye, da zubin haruffan (font) da ke na'urar mai karatu. Biyun farko kana iya taɓa su. Aikin duka shi ne gane wanne ne ya yi laifi kafin a fara duka.

Me ya sa abu ɗaya zai yi aiki a wata burauza ya ƙi a wata?

Sunayen burauza suna da yawa, amma injunan da ke cikinsu uku ne manya. Akwai Blink, wanda ke cikin Chrome, kuma shi Opera ta koma amfani da shi tun 2013, Edge ma ta bi sahu a 2020, haka Samsung Internet da Brave. Akwai Gecko na Firefox. Sai WebKit na Safari. Kowane inji da yadda yake fassara umarni, kuma sabon abu ba ya isa gare su rana ɗaya. Mai gina shafi in ya gwada a inji ɗaya ya tashi, masu sauran biyun ne za su sha wahala.

Amfanin sanin wannan a aikace shi ne, wanda abu ya ƙi masa a Chrome ya je ya gwada a Edge bai yi wani gwaji ba, ya canza riga ne kawai jikin na nan. Gwajin gaskiya shi ne Chrome da Firefox. A iPhone kuwa, in ban da sassaucin da aka yi wa wasu ƙasashe, kamar na Tarayyar Turai a 2024, duk burauzar da ka sauke WebKit ne a cikinta, ko da sunanta Chrome.

Maɓallan da ke saman akwatin rubutu sun ɓace, ko ina dannawa ba sa motsi. Me zan yi?

Waɗannan maɓallan da JavaScript suke aiki, wato harshen umarnin da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Duk abin da ya hana shi sauka ko ya hana shi gudu, zai bar ka da akwati tsirara. Abin da ya fi yawa a wajenmu shi ne raunin sabis: rubutun shafin ya sauka, umarnin bai ƙarasa ba. Don haka fara da sake loda shafin. A kwamfuta danna Ctrl da F5 tare, wannan yana tilasta wa burauza ta ɗauko sabo maimakon tsohon da ta ajiye.

In bai yi ba, buɗe shafin a tagar sirri, Ctrl da Shift da N a Chrome, ko Ctrl da Shift da P a Firefox. A can yawancin ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza, kamar masu toshe talla, ba sa aiki sai an ba su izini. Maɓallan suka dawo a can, to ka kama ɓarawon: ɗaya daga cikin abin da ka liƙa ne, ko tarkacen da burauza ta tara. Kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma leƙa saitin burauza ka tabbata ba a kashe JavaScript ba, don akwai masu kashe shi da sunan tattalin data su manta.

A waya wani lokaci maɓallan ba ɓacewa suka yi ba, fuskar ce ta yi musu kaɗan aka tura su ƙarƙashin ɗigo uku. Kwantar da wayar, ko ka zaɓi a nuna maka shafin yadda yake a kwamfuta. In Opera Mini ce a hannunka, amsar da ke biye taka ce.

Ina amfani da Opera Mini don tana rage cin data. Ita ce matsalar?

Sau da yawa ita ce, amma ba lalacewa ta yi ba, haka aka gina ta. Tun da ta fito wa duniya a 2006 dabararta ɗaya: maimakon wayarka ta ɗauko shafi kai tsaye, kwamfutocin kamfanin ne ke ɗaukowa, su matse shi, su aiko maka da ƙaramin abu. Shi ya sa ta samu karɓuwa a inda data ke da tsada, kuma duk wanda ya yi zamanin ƙananan wayoyin Nokia ya san alherinta. Sai dai a matakin matsi mafi tsanani, wanda aka rubuta Extreme a saitinta, JavaScript a can wurinsu yake gudu na ɗan lokaci, abin da ya iso gare ka kusan hoton shafin ne. Akwatin rubutu na zamani kuwa yana son ya ji kowane harafi da ka danna nan take.

Shawarata ita ce raba aiki. Karatun labarai a Opera Mini, rubutu da cike fom da biyan kuɗi a cikakkiyar burauza. In ba ka son barinta, sassauta matsin zuwa High ko ka kashe shi har ka gama rubutun.

Na danna mahaɗi a Facebook, shafin ya buɗe amma ya ce ban shiga ba, hoto ma ya ƙi hawa.

Ba a burauzarka ya buɗe ba. Manhajoji irin su Facebook da Instagram suna da 'yar burauza a cikinsu, wadda ba ta san ka taɓa shiga shafin a Chrome ba. Danna ɗigo ukun da ke kusurwa ka zaɓi buɗewa a burauzar waje.

Yaya zan rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ?

A wayar Android, manhajojin madannai na Gboard da SwiftKey duka suna da Hausa. Shiga saitin madannai, ƙara Hausa cikin harsuna, za ka ga haruffan ko dai a fili ko in ka danne k ko d ko b ko y na ɗan lokaci. Akwai kuma Keyman na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, kyauta ne, yana aiki a waya da kwamfuta.

A Windows akwai madannan Hausa a cikinta, ba sai an sauko da komai ba. Ƙara harshen a saiti, sannan riƙe Alt na hannun dama ka danna k, sai ƙ ta fito, haka d da b da y. In kwamfutar ba taka ba ce, kuma Word kake ciki, buga 0199 ka danna Alt da X, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Ta ɗ 0257 ce, ta ɓ 0253, ta ƴ kuma 01B4. Manyansu: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181, Ƴ 01B3. Ni dai akwai wata 'yar takarda da na liƙa da salatif a gefen kwamfutar shago mai ɗauke da lambobin nan takwas, ta yi baƙi da maiƙon hannu, amma har yau yara masu koyon aiki ita suke duba.

Ni ina ganin ƙ daidai, amma abokina ya ce akwati yake gani a wurinta.

Rubutunka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka aika ba zanen harafi ba ne, lamba ce daga tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 don bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Na'urar abokinka ta karɓi lambar, ta duba zubin haruffan da take da shi, abin da masu kwamfuta ke kira font, ba ta sami zanen da ya dace ba, sai ta ajiye akwati. Turawa na kiran akwatin nan tofu, da sunan wani abinci mai kama da awara, kuma daga nan Google ya samo sunan Noto da ya raɗa wa zubin haruffansa, wato babu tofu. Maganin yana wajen mai karatu: ya sabunta na'urarsa, ko ya sa zubi mai ɗauke da haruffanmu, kamar Noto, ko Charis da Andika na SIL.

Akwai ƙanwar wannan matsala, wadda ta fi yawa yanzu. Kalmar ta fito, amma ƙ ɗin ta fi sauran haruffa siranta ko tsayi, kamar baƙuwa a cikin dangi. Zubin da shafin ya zaɓa ba shi da ita, sai burauza ta aro daga wani zubin. An fi ganin haka a kanun labarai masu ado. Mai shafin ne kaɗai zai iya gyarawa.

Rubutuna ya koma wasu alamomi, "ƙasa" ta zama "Æ™asa". Wannan fa?

Wannan dabam yake da akwati, kuma a nan zubin haruffa ba shi da laifi. A tsarin UTF-8, wanda kusan duk intanet ke kai yau, harafi irin a ko k gurbi ɗaya yake ci, amma ƙ gurbi biyu. In wata manhaja ta karanta rubutun da tsohon tsarin Yammacin Turai, sai ta ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa, ƙ ta tsage biyu ta zama Æ da ™. Haka ɗ ke komawa É da dogon layi, "ɗaya" ta zama "É—aya". Da ka ga irin waɗannan ka san ciwon.

In fayil ɗinka ne, sake buɗe shi ka zaɓi UTF-8, kuma kada ka adana shi yana a lalace, don nan ne gyara ke yin wuya. Notepad na Windows 10 tun 2019 da UTF-8 yake adanawa da kansa, amma a tsofaffi sai ka zaɓa da hannu. Mafi muni shi ne in haruffan suka koma alamar tambaya zalla, "?asa". Wannan an riga an zubar da harafin, sai dai a bi a sake bugawa.

Na kwafo tsohon rubutu daga Word, sai na ga "}asa" da "]aya" da "~angare", wani kuma "qasa" da "xaya".

Ka ci karo da tarihi. Kafin Unicode ya zama ruwan dare, kwamfuta ba ta da gurbin haruffa masu ƙugiya, sai masana suka yi dabara: suka ƙera zubin haruffa na musamman, suka zana ƙ a gurbin wata alamar da Hausa ba ta amfani da ita. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma da irinsa aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawa. Wani zubin ya ari alamomin baka da makamantansu, wani ya ari q da x da v. A takarda ba ka ganin komai sai Hausa tsaf. Amma a can ciki harafin bai canza ba, riga kawai aka sa masa, burauza kuwa ba ta san rigar ba.

Gyaran yana da sauƙi in an yi a hankali. A Word danna Ctrl da H, ka musanya kowace alama da harafinta na gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, ka kunna zaɓin bambanta manya da ƙanana. Hattara da rubutun da ke da kalmomin Turanci ko sunaye a ciki, in ba haka ba duk v ɗin da ke cikinsu za ta koma ɓ. Na taɓa ganin kundin da jerin manazartarsa gaba ɗaya ya koma wani yare saboda wannan gaggawar, mai shi kuma washegari zai miƙa.

Dole ne sai na sa ƙugiya? Ai ana ganewa ko babu.

Sau da yawa ana ganewa, ban musa ba. Amma mai karatu ne ke biyan kuɗin gajiyarka, don sai ya tsaya ya auna ko kafa kake nufi ko ƙafa, daga ko ɗaga, bari ko ɓari, kasa ko ƙasa. A hira da aboki ba komai. A rubutun da kake so ya daɗe, ko na koyarwa, ko wanda yara za su karanta, ni ban ga uzuri ba tunda madannan kyauta ne.

Wurare biyu ne nake ɗaga ƙafa. Na farko saƙon tes: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da ƙ guda ta shiga sai tsarin ya sauya, ya koma 70 kacal, saƙon da ka zata ɗaya a caje ka biyu ko uku. Na biyu kalmar sirri da sunan fayil da adireshin imel, inda wata rana za ka iya samun kanka a na'urar da ba ta da haruffan. A wajen bincike kuma, ga kwamfuta k da ƙ haruffa ne mabambanta, kuma tunda mutane da yawa ba sa sa ƙugiya, in kana neman abu gwada rubutun duka biyu.

'Y ko ƴ, wanne ne daidai?

Duka biyu. A Nijeriya an saba da 'y, a Nijar kuma ƴ, don haka 'ya'ya da ƴaƴa kalma ɗaya ce. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen rubutu.

Mai amfani da 'y yana da ƴar matsalar da mai ƴ ya huta da ita. Word da wasu akwatunan rubutu suna lanƙwasa alamar da kansu, kuma in ta zo a farkon kalma sai su ɗauka buɗe zance za ka yi, su juya ta baibai. Da ta juya, danna Ctrl da Z sau ɗaya, za ta miƙe. A Wikipedia kuma, inda wannan alamar sau biyu ke nufin karkata rubutu, sau uku kuma kaurarawa, kalma irin 'yan tana iya rikita lissafin, don haka duba samfoti kafin ka adana.

Zan iya kaurara rubutu ba tare da maɓalli ba?

Ƙwarai, kuma wannan ne mafitar mai raunin sabis ko mai burauzar da aka yi bayani a amsar Opera Mini, don alamomin da ka buga da hannu ba sa jiran JavaScript. Abin lura shi ne kowane gida da al'adarsa. A WhatsApp tauraro ɗaya a gaban kalma ɗaya a bayanta yana kaurara ta. A Markdown, tsarin da John Gruber ya fitar a 2004 wanda wurare da yawa suka ɗauka, tauraro ɗaya karkatawa yake yi, sai biyu ne ke kaurarawa. Wasu tsofaffin wurare harafin b suke so a cikin baka mai kusurwa. Shi ya sa rubutun da aka kwafo daga WhatsApp ke zuwa wani wuri da taurari zube a cikinsa ba abin da suka yi. Kada ka bar fili tsakanin tauraron da kalmar. A kwamfuta kuma Ctrl da B, ko Ctrl da I, suna aiki a yawancin akwatuna ko da maɓallan sun ɓuya.

Haruffan adon nan masu kauri da ake kwafowa a sa a Facebook fa?

Ka rabu da su. Ba rubutu mai kauri ba ne, alamomin lissafi ne da aka tanada a Unicode don masana, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsu, shi ya sa kalmar Hausa ke fitowa rabi da ado rabi babu. Bincike ba ya kamo su yadda ya kamata, tsohuwar waya akwati take nunawa, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma ko ta tsallake su ko ta bi su ɗaya-ɗaya da sunayensu na lissafi.

In na liƙa rubutu daga Word sai tsarinsa ya hargitse.

Abin da ka kwafo ba kalmomi kaɗai ba ne, har da ɓoyayyun umarnin girma da launi da tazara, su ne ke faɗa da na shafin. Liƙa da Ctrl da Shift da V, kalmomin kaɗai za su shiga. Ko ka fara zuba shi a Notepad ka sake kwafowa daga can, kamar a tace koko. Daga nan sai ka yi kaurarawa da sauran ado a cikin akwatin. In bayan haka ka ga alamomi a gurbin haruffa masu ƙugiya, koma amsar "}asa" da ke sama.

Na yi dogon rubutu, na danna aikawa, komai ya ɓace. Akwai yadda zan dawo da shi?

Kafin komai, kada ka rufe shafin. Danna komawa baya, wani lokaci burauza na riƙe da abin da ke akwatin. Danna cikin akwatin ka gwada Ctrl da Z. In ka rufe bisa kuskure, Ctrl da Shift da T zai sake buɗe shi, ko da yake ba lallai rubutun ya dawo ba. Duba kuma ko wurin yana ajiye daftari da kansa. A waya, in ka taɓa kwafe rubutun kuma allon kwafi na Gboard a kunne yake, leƙa can.

In duk ba su yi ba, sai haƙuri. Wata baiwar Allah ta taɓa shigowa shago da yamma, mayafi a hannu, ta ajiye min waya a kan tebur. "Malam, don Allah duba min. Tun bayan azahar nake rubuta babin nan, aka kira ni, ina gama amsawa na dawo na tarar da fari fat." Na juya wayar, na duba duk inda ake dubawa, na ce, "Hajiya, wannan kam ya tafi." Ƙwaƙwalwar wayar ƙarama ce, da kira ya shigo sai ta kashe burauzar don ta sami wuri, da aka dawo shafin ya sake lodawa daga farko. Ta yi shiru, ta ce ai na biyun ba zai taɓa kai na farkon daɗi ba. Ban da amsar wannan.

Dalilan ɓacewar ba su da yawa: waya ta kashe burauza, ko shafin ya fitar da kai don ka daɗe ba ka motsa ba, ko sabis ya yanke daidai lokacin aikawa, ko an ɗauke wuta. Akwatin burauza wurin miƙa rubutu ne, ba wurin yin sa ba. Duk abin da ya wuce sakin layi biyu, rubuta shi a manhajar ajiye bayanai ta waya ko a Word, sannan ka kwafo. In ka riga ka fara a akwatin, zaɓi duka ka kwafe kafin yatsanka ya taɓa maɓallin aikawa.

Waya na canza min kalmomi, wani lokaci ma shafin Hausa ya koma Turanci da kansa.

Abu biyu ne. Canza kalma aikin madannai ne: suna kan Turanci, sai su ga "sai" su ce ai kuskure ne su gyara maka. Mayar da su Hausa kamar yadda aka nuna a amsar rubuta ƙ, ko ka kashe gyaran kai tsaye. Jan layin da ke ƙarƙashin kalmomi a kwamfuta shi ma haka ne, kai kaɗai ke ganinsa, ba ya bin rubutun.

Komawa Turanci kuwa fassarar burauza ce. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a ƙarshen 2013, kuma in ka taɓa amsa wa Chrome cewa ta riƙa fassara Hausa kullum, za ta yi ta yi ba tambaya. Kashe ta a saitin harsuna. Ko ba don kunyar fassarar ba, tana taɓa cikin shafi tana sauya shi, wasu akwatunan rubutu kuma daga nan suke sanƙarewa.

Kwamfutata Windows 7 ce, wayata ma ta kwana biyu. Sai na saya sabuwa?

Ba yau ba, amma ƙofa tana rufuwa. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ta tsaya a kanta a siga ta 109 a farkon 2023, Firefox kuma a ta 115. Internet Explorer an yi mata ritaya ranar 15 ga Yunin 2022, Flash kuma, mai kunna bidiyo da wasanni a shafuka, tun ƙarshen 2020. Masu gina shafuka ba sa waiwayen waɗannan, shi ya sa abin da ke aiki bara yake ƙi bana ba tare da ka taɓa komai ba. In kwamfutar ba za ta ɗauki sabuwar Windows ba, sa mata Linux mai sauƙin nauyi, wato wani tsarin da ke maye gurbin Windows, ya fi barinta haka, don a can za ta sami sabuwar Firefox.

A tsohuwar waya, in shafuka suna cewa haɗin ba shi da tsaro, fara duba kwanan wata da agogo. Wayar da aka cire wa batir takan koma wata shekara can baya, burauza kuma ta ƙi yarda da takardar shaidar shafin. In agogo daidai yake, wayoyin Android 7.0 zuwa ƙasa ba su san wasu sababbin takardun shaida ba. Firefox tana zuwa da nata jerin, don haka takan buɗe abin da sauran suka ƙi.

Hoto ya ƙi hawa.

Ko ya yi nauyi, ko nau'insa ne, ko izini. Hoton kyamarar yanzu yana kai megabayit da yawa, wurare da dama kuma suna da iyaka, musamman fom ɗin makarantu da na neman aiki. Rage girmansa tukuna. iPhone tun 2017 tana adana hoto a nau'in HEIC, wanda ba ko'ina ake karɓa ba, sai a mayar da shi JPEG. In danna maɓallin ba ya buɗe komai, duba ko ka bai wa burauzar izinin shiga hotuna, ka kuma tabbata ba a 'yar burauzar cikin Facebook kake ba.

Ajami fa, ana iya rubuta shi a burauza?

Ana iyawa, kuma burauzar yanzu ta san ta jera shi daga dama zuwa hagu. Wahalar tana wajen haruffa da wasullan da Hausa ta ƙara a kan na Larabci, don madannan Larabci na yau da kullum ba su da su, zubin haruffa da yawa ma haka. SIL ta fitar da zubi biyu saboda wannan yanki: Harmattan, da Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano. Sai dai in mai karatu ba shi da su, kuma shafin bai aiko da su ba, abin da aka faɗa a amsar akwati ne zai faru. In ka haɗa ajami da boko a layi ɗaya kuma, aya da baka sukan yi tsalle su koma inda ba a sa su ba, gara kowanne da layinsa. Rubutun da kake so ya isa yadda ka tsara shi, kamar waƙa ko wasiƙa, mayar da shi PDF, don shi yana tafiya da zubin haruffansa a ciki.

Na gwada duk wannan bai yi ba. Me zan gaya wa mai gyara ko masu shafin?

"Ba ya yi" ba bayani ba ne. Faɗi sunan wayar ko kwamfutar, sunan burauzar da lambar sigarta, wadda za ka samu a saiti wajen bayanin manhajar. Faɗi abin da ka danna da abin da ya biyo baya, da ko ya yi a wata burauzar mai wani injin dabam, da ko ya yi a tagar sirri. Ɗauki hoton fuskar wayar lokacin da abin ke faruwa, amma rufe lambar waya da duk wani bayanin banki kafin ka tura. In matsalar haruffa ce, haɗa da kalmar da ta lalace a rubuce, ba hotonta kaɗai ba, don daga ganin Æ™ ko } ko akwati mai gyara zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kalmar sirrinka kuwa babu mai gyaran da ke buƙatarta don wannan aiki, duk wanda ya nema ka karɓi wayarka.